Tasata Tana Cikin Jirgin Mode

Ni Zinariya, ungozoma ce a Magarya. Tun ina budurwa nike bin uwata gidajen haihuwa, kuma duk ɗan da anka haifa unguwarmu, cikin tasa guda anka yi mai wankan farko. Tasa ce ta jan gaci, mai faɗi, yaro mai rarrafe na iya zama cikinta. Kakata ta bar wa uwata, uwata ta bar mani. Ban ce tana da asiri ba, rai na Allah ne. Abin da na sani dai, ɗiyata Hassana ta haihu sau biyu gidan mijinta a Rabah, anka wanke jariran cikin ƙwarya, kuma babu wanda ya kai ranar suna. Da ta samu ciki na uku na aika wa mijinta Lawwali cewa ko shina so ko ba shi so, wanga karon ɗakina za ta haihu. Ya kawo ta ana yankan gero, ciki ya tsufa.

Tasar ta daɗe tana ɗigo ta gindi, shi ya sa tun farkon damina na kai wa Mode maƙeri don ya liƙe ta. Mode ɗan kawuna ne, taubashina ke nan. Tun muna yara in mun haɗu sai zagi. Ya ce mani baiwa, in ce mai bawa, ya fizge mani goro, in jefa hulatai cikin randa, babu mai shiga tsakani. Haka anka san mu har munka yi furfura.

Shekarar da Nasara sunka ɗebi maza aikin dogo, wato hanyar jirgin ƙasa, har da shi anka kai Ƙaura Namoda. Sauran sun dawo da tari da rantsuwar ba su ƙara zuwa. Shi ko ya dawo da wata doguwar igiya cike da ƙulli, wai da ita ya auna jirgin ƙasa, tun daga hanci har wutsiya. Ni ban taɓa ganin jirgin ƙasa ba, kuma ban yi kewa ba. Tun daga nan mutumin ga ya lalace. Manomi ya kawo kalme a yi mai baki, sai ya yi ta jira har ciyawa ta ci gona, Mode na bayan maƙera shina goge wani ɗan ƙarfe da magagari, shina gwada shi da igiya. Wai inda babban ke da kamu guda, nashi jirgin yatsa biyu za shi yi. Shekara da shekaru ana haka. Matatai ta gaji da magana ta bar shi.

Duk sanda na je karɓar tasata sai ya ce, "Gobe, baiwa." Na koma, gobe. Na sake komawa, gawayi ya ƙare. Ranar da Hassana ta ce mani bayanta ya fara riƙewa, ban yi sallama ba, na ɗaga zanar da ya kare bayan maƙera da ita na shige.

Na tarar da wani abu tsaye bisa sandunan ƙarfe biyu da anka shimfiɗa a ƙasa. Girmansa kamar ɗan maraƙi kwance. Ƙafafunai gewayayyu, an haɗa su da wasu hannuwa sirara. Ga bututu a ka kamar na lofe, ga wani ɗan ɗaki a baya wanda ko kaza ba ta samun wurin juyawa. Mode na durƙushe shina shafa mai man gyaɗa da gashin kaza.

Na ce, "Bawa, ina tasata?"

Ya ce, "Ga ta nan gabanki."

Na duba hagu, na duba dama. Zuga-zugi, awartaki, tarin gawayi. Na ce, "Ina?"

Sai ya sa hannu ya daddaɓa cikin abin nan, kamar mai tallan rago. Na matsa. Cikin ja ne, an naɗe shi kamar tabarma, an jera mai ƙusoshi. Can gefe na hangi wata lotsawa da na sani, inda tasar ta kuɓuce wa uwata bakin rijiya. Tasata ce.

Ya fara bayani, fuska cike da murna, kamar na zo barka. Wai wannan ita ce tukunyar jirgi, nan ruwa ke tafasa, tururi ya bi ta wanga bututu ya tura wancan, wancan ya tura ƙafa. Wai ya gwada garwar kananzir ta fashe ta ƙone mai gira. Ya gwada baƙin ƙarfe, ya yi ta yoyo. "Duk ƙasar ga, daga nan har Goronyo, babu gacin da ya riƙe tururi sai naki. Ke dai kakarmu ta san kaya."

Na ce, "Mode, gyara na kawo."

Ya ce, "Ai ban bar ki haka ba." Ya shiga ɗaki ya fito da wani farin daro mai furanni, irin na kanti, wai ya sa an sayo mani daga Gusau. "Ba shi ɗigo, ba shi tsatsa. Baiwa ta samu kayan Nasara, sai a yi godiya."

Na ɗauki daron na maka mai a ƙirji. Ya yi dariya har da riƙe ciki. Masu jiran kalme a waje su ma sunka kwashe da dariya, wani na cewa, "Yau kuma an fara."

Daga nan gidan mai unguwa na nufa. Na tarar da shi zaure da dattawa. Na durƙusa na faɗi abin da ya faru tun daga farko. Ina rufe baki sai na ga kafaɗunai na rawa.

Ya ce, "Zinariya, ke da Mode? Wa ka shiga tsakanin taubasai? Bara ba ke kika ɗauke mai akuya ranar karɓar kuɗin shara ba?"

"Na mai da ta kafin azahar, ranka ya daɗe!"

"To shi ma shina mai da taki."

"Ya yanke ta! Ya naɗe ta! Ta zama cikin wani abu mai ƙafafu!"

Zauren ya ɗauki dariya. Wani tsoho ya ce in je in ɗauke mai masaba mu yi kunnen doki. Na tashi tsaye na zagi Mode, na zagi igiyatai, na zagi wanda ya fara kawo dogo ƙasar ga. Ina ƙara zagi suna ƙara dariya. Har hawaye sunka zubo mani, na ji wani daga baya na cewa, "Kai, matar ga ta iya wasa." Na fito ban san ko ni ce na haukace ko garin ba.

Kafin in kai gida labari ya riga ni. Hassana na zaune bakin ɗaki ta tasa tuwo gaba ba ta taɓa ba. Ba ta yi kuka ba, da ma ta yi. Ta ce, "Inna, to cikin mi za a wanke shi?" Na ce ta ci abinci. Ta sake cewa, "Cikin mi?" Washegari da sassafe na ɗaura zane na kama hanyar Wurno wurin alƙali.

Alƙali ya saurare ni, sannan ya ce in sake faɗi a hankali. Na sake. Ya ce, "Baba, tsaya. Jirgin ƙasa ya ɗauke maki tasa, ya tafi da ita Ƙaura?"

"A'a, Allah shi gafarta malam. Jirgin na Magarya."

"Babu dogo a Magarya."

"Akwai, bayan maƙera."

Ya dubi muhutinai mai rubuta mai shari'a, muhuti ya dubi dogari. Ya ce, "To tasar tana cikin jirgin, an ɓoye ta?"

"Ba ɓoye ta anka yi ba. Ita ce cikin."

Ya shafa gemu, sannan ya ce a zo da mutumin, a zo da abin ko mi ne ne shi.

Bisa ƙyauren ɗaki anka ɗauko shi, ƙatti na nishi, mutane na biye kamar ana rakiyar gawa. Mode ya roƙi a bar shi ya shimfiɗa sandunan a farfajiya, wai ba a gane abin sai shina tafiya. Na ce ban zo kallo ba. Babu wanda ya ji ni. Ya ɗura ruwa ta wata kafa a sama, ya cusa garwashi ta baya, ya yi ta fifita. Munka yi ta jira. Ni har na fara jin daɗi, na ce yau zai kunyata. Sai abin ya fara huci. Ya fara gumi ta gefen ƙusoshi. Mode ya ja wani ɗan zare, abin ya ƙwala wata ƙara da ta sa dogari ya yar da bulala ya faɗa zaure. Sannan hannuwan nan sunka motsa, ƙafafu sunka juya, ya kama tafiya shi kaɗai, ba ja ba turi, shina tofar da hayaƙi, tasata a tsakiya tana sheƙi.

Alƙali ya sauko daga buzu ba takalmi. Ashe ya taɓa shiga na gaske zuwa Zariya. Ya bi shi a sunkuye yana cewa, "Haka shike. Wallahi haka shike, har numfashin." Ya tambayi Mode da mi ya yi ƙafafun, ya ce narka ƙarfe ya yi ya zuba cikin yumɓu, ya ɓata da yawa kafin su zo daidai. Sandunan fa? Ƙarfen ɗaurin auduga ne ya ninka. Anka mai da abin baya, anka sake sakinai. Anka sake. Ni ina tsaye cikin rana kamar wadda ta zo tallan fura.

Na ɗaga murya na ce, "Ɗiyata na gida wata ya kama! Ni a ba ni tasata!"

Alƙali ya koma ya zauna, ya gyara rawani. Ya tambayi Mode ko kyauta na ba shi. Mode ya ce, "Allah shi gafarta malam, taubashiyata ce, abin baiwa ai na ubangijinta ne." Wasu sunka fara dariya. Alƙali bai yi ba. Ya ce abin da anka kai wa mai sana'a don gyara amana ne, wasa ba shi cin amana. Tun da abin ga ya faru, shi ne namiji na farko da bai yi mani dariya ba, na ji kamar in faɗi in kama ƙafatai.

Ya ce to in karɓi irinta, ko a ƙiyasta a biya ni. Na ce ba ta da iri, kuma ba a wanka cikin kuɗi. Na gaya mai zancen Hassana. Na ce tasar kakata nike so, ita kanta.

Sai Mode ya ɗaga kai. Yanzu ba dariya a fuskatai. Ya ce, "Wace ce ta kakarmu a ciki, Zinariya? Gindin nan babana ya sake shi ɗungum tun kina goye, da gacin wani shantali. Bakin kuma ni na sake shi shekarar fara, kin manta kin bar mani ita wata guda? Abin da ya saura na tsohuwa tsakiya ne, faɗin tafin hannu. Shi ma rabi na cikin tukunya, sauran na ja shi na yi bututu da abin busa."

Na buɗe baki in ce ƙarya shike, sai na tuna. Na tuna ta dawo da baki mai kauri, har na yaba. Alƙali ya ce, "To Baba, wanne kike ƙara a kai? Gindi, ko baki, ko tsakiya?"

Na tsaya. Yaran da na wanke tun shekarar fara, ga su nan suna noma. Cikin mi na wanke su ke nan? In gindin na shantalin wani ne, kuma a kan gindin jariri ke kwanciya, to mi ke aikin? Gacin? Faɗin? Ko don dai sunanta tasar kaka? Kaina ya ɗau zafi. Na ce, "Duka."

Alƙali ya yanke cewa Mode ya kwance abin, ya fid da duk gacin da ya fito daga tasata, ya buge shi ya mai da tasa, in ya kasa ya cika da nashi. Mode ya zauna daɓas a ƙasa. Bai roƙa ba. Ya sa hannun riga shina goge toka daga bututun. Na yi nasara, na kamo hanya, ban san abin da ya sa bakina ke ɗaci ba.

Da hantsi washegari na je maƙera na tsaya a kansa, don na san halinai. Ya jera kayan aiki. Ya kwance abin busa, ya hura shi, ya aje bisa tsumma. Ya kwance wani ɗan murfi, ya goge, ya aje. Na ce, "Bawa, ba kwalliyar amarya na zo gani ba, sa kurfi ka yanke ƙusoshin nan." Ya ɗauki kurfi ya ɗora kan ƙusa ta farko, ya ɗaga guduma. Sai ga Tani maƙwabciyata a guje, ɗankwali a hannu.

"Zinariya! Faya ta fashe!"

Na ce wa Mode, "In ka yanke yanzu, yaushe ta zama tasa?"

Ya ce, "Sai an gasa, an buɗe, an haɗa, an buge. Ko ban ci ban sha ba, suna na riga ta."

Na dubi gudumar, na dubi cikin nan ja. In ya sauke hannu, babu tasa, babu tukunya, sai guntayen gaci a ƙasa. Yanzu ko, ko ba komi, abu guda ne, kuma shina riƙe ruwa.

Na ce, "Aje gudumar."

"Alƙali ya ce..."

"Na ce aje! Mai da abin da ka kwance. Ku ƙattin da ke waje, ku ɗauko shi."

"Zuwa ina?"

"Gidan ubanka! Gidana mana!"

Tsakar gidana anka sauke shi, ƙattin sunka fita, Mode kaɗai ya tsaya don shi ɗan'uwa ne. Babu sanduna, sai ya ɗora shi bisa duwatsun murhu, ƙafafu na reto. Na sa ya wanke cikin har sai da ruwa ya fito fes, na ba shi ruwan rijiyarmu ya ɗura, na shige ɗaki. Ina riƙe da Hassana tana durƙushe, ina jin abin na huci a waje. Ta ce, "Inna, mi ne ne wancan?" Na ce, "Tasa ce, yi nishi." Tani ta leƙa ta dawo tana salati, wai ƙafafun na gudu a sama kuma ba ya zuwa ko'ina. Na leƙa ta taga na ce wa Mode in ya kuskura ya ja zaren nan sai na ƙona igiyatai.

Kafin la'asar ta sauka. Mace, ƙarama, amma da murya. Na yanke cibi na ce a kawo ruwa. Mode ya murɗa wani ɗan famfo a ƙasan tukunyar, ruwa ya zubo da tururi, Tani ta tara, ta surka, ta miƙo mani. Sai da na karɓa na ga cikin abin da ta taro. Ƙwarya. Irin dai ta Rabah. Hassana ma ta gani, ta kau da kai.

Na wanke ta, ruwan na ɗan ƙanshin man gyaɗa, ina mata wanka ina lissafin da ban iya ba. Da can jariri ke shiga tasa. Yanzu ruwa ne ya shiga tasa, ya fito, ya tarar da jariri cikin ƙwarya. Ya isa ko bai isa ba? Da wuta ta mutu, abin ya huce, na naɗe yarinyar na fita da ita, na buɗe bayanta na jingina shi jikin gacin, daidai lotsawar nan. Mode ya buɗe baki, na ce in ya yi magana sai na ci mutuncinai. Ya rufe.

Ta kai suna. Ruƙayyatu anka sa mata. Tana shan nono, ta fara cika. Kullum da safe Mode na zuwa ya hura wuta, don na ce ba a canza ruwa sai an yi arba'in, kuma na lura tsoho na barin ƙafafun su juya fiye da yadda dafa ruwa ke bukata. Na tambayi limaminmu ko wanga wanka daidai shike da na da, ya ce shi bai taɓa cin karo da mas'alar ba. Mutanen unguwa ko yanzu cewa suke, ai mun faɗa wasa ne, ga shi ta kai shi ƙara ta kuma ɗauke mai jirgi. Har mai unguwa ya aiko a gaishe ni, wai na rama da kyau. Ni ban rama komi ba. Tasata anka yanke, kuma har yau babu wanda ya ce mani yi haƙuri. Ga wata Sabuwa, matar Sale na unguwarmu, ciki ya tsufa, ta aiko tana tambaya ko ita ma jirgin za a kai mata. Ƙofar gidansu ko ba ta cin ƙyauren da za a ɗauko shi.

Jiya sai ga dogarin nan daga Wurno. Ya tsaya nesa da abin, ya ce alƙali na tambaya mi ya hana a cika hukunci. An tambayi Mode, ya ce mai ƙara ce ta hana. Don haka ana nemana in zo in yi bayanin dalilin da na tare hukuncin alƙali.

Na ce, "Ni? Ni da anka zalunta ni za a tuhuma?"

Ya ce, "Baba, ni aike ne. Ba ke kika ce a kwance ba?"

"Ni ce."

"To a kwance?"

Na dubi ɗaki. Hassana ta fito bakin ƙofa da yarinyar a kafaɗa, ta kafa mani ido. In an kwance an buge, abin da za ya fito ba shi ne wanda kakata ta bari ba, ba kuma shi ne wanda yarinyar ga ta jingina da shi ba.

Na ce, "Kar wanda ya taɓa shi."

"To kin yafe ke nan? In faɗa wa malam an janye ƙara?"

"Wa ya yafe? Ban yafe ba! A biya ni tasata!"

Ya cire hula ya sosa kai. Ya ce, "To Baba, in na koma in ce mi?"

Na ce ya ce ina nan tafe bayan arba'in. Ya tambaya ko a lokacin ne za a kwance. Na ce ban ce ba. Ya tsaya shina kallona, ni ma ina kallonai, har Hassana ta ce, "Inna, ruwan na hucewa." Na bar shi nan tsaye na ɗauki ƙwarya.